Daga Teku Ne Ko Daga Itatuwa? Amsa Kan Asalin Oksijin Da Muke Shaƙa

Wata malamar kimiyya da ke koyarwa a makarantar sakandare a Argungu ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Mun saba koya wa yara cewa itatuwa ne ke ba mu iskar oksijin. Sai ga wata ɗaliba ta zo da abin da ta gani a waya, wai kashi 70 cikin 100 daga teku take fitowa. Wanne ne daidai? Mu da ke nan Kebbi, nesa da teku, tana iso mu? Kuma da irin saran itace da ƙona gawayin da ake yi, akwai fargabar wata rana ta ƙare?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Ɗalibarki ta kama hanya, sai dai adadin da ta gani ya zarce. Abin da awon masana ya tsaya a kai shi ne, cikin oksijin da ake samarwa a duniya duk shekara, kusan rabi daga teku yake fitowa, ɗaya rabin kuma daga tsirran tudu: dazuzzuka, ciyawa, har da gero da shinkafar da muke nomawa. Kashi 70 ko 80 da ke yawo a waya ya wuce abin da aka auna. Amma ko kin rubuta wa yara "rabi da rabi" a allo, ba ki gama ba su amsa ba, domin oksijin da ke shiga ƙirjinmu yau ba na bana ba ne, ba na bara ba ne. Tsohuwar ajiya ce da ta taru cikin miliyoyin shekaru. Wanda ya fahimci wannan, sauran tambayoyinki biyu za su zo masa da sauƙi.

Iskar da ke kewaye da mu gauraye take: kashi 78 naitirojin, kashi 21 oksijin, ragowar kuma wasu ƙananan iskoki ne, cikinsu har da kabon dayoksaid da yake kusan kashi 0.04 kacal. Shi oksijin a kan kansa ba abu ne mai wuya ba. Kusan rabin nauyin duwatsu da yashin da muke takawa oksijin ne, haka ma kashi takwas cikin tara na nauyin ruwa. Sai dai a ɗaure yake, huhu ba ya iya amfana da shi. Kuma halinsa ke nan, ba ya zama shi kaɗai: ya kama ƙarfe ya yi tsatsa, ya kama itace ya yi wuta, ya kama mushe ya ruɓar. Saboda haka idan aka same shi a sake cikin iska har kashi 21, lalle akwai abin da ke kwance shi.

Abin da ke kwance shi kuwa shi ne duk wata halitta mai koren nan na ganye. Tana kama hasken rana, ta fasa ruwa gida biyu, ta ɗauki haidirojin ɗin da ke ciki ta haɗa da kabon dayoksaid ta yi sukari, wanda shi ne abincinta kuma da shi take gina jikinta. Abin da ya rage daga ruwan da aka fasa shi ne oksijin, sai ta sake shi. Fotosintesis ɗin da kike koyarwa ke nan. Wurin da littattafan makaranta ba su cika tsayawa ba shi ne, daga ruwa oksijin ɗin yake fitowa, ba daga kabon dayoksaid ba. An daɗe ana zaton akasin haka. A 1771 Joseph Priestley a Ingila ya ga reshen na'ana'a yana gyara iskar da kyandir ya ɓata a cikin rufaffen gilashi. A 1779 Jan Ingenhousz ya nuna cewa sai da haske hakan ke faruwa. Amma sai a 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen a Amurka suka ba ƙananan tsirran ruwa wani ruwa mai ɗauke da nau'in oksijin mai nauyi, wanda ake iya bin sawunsa, suka ga shi ne ke fitowa a iskar da tsirran suka saki.

Wannan ba sai an je ɗakin gwaji ba. Ki sa yara su ɗebo gansakuka ko ciyawar da ke tsiro a ƙarƙashin ruwa daga bakin gulbi, a zuba cikin gorar ruwa mai haske guda biyu, ɗaya a rana, ɗaya a lulluɓe cikin kwali. Kafin a tashi darasi za su ga ƙananan kumfa suna tasowa a ta ranar, ta kwalin kuwa shiru. Shi ya sa ma gansakuka ke tasowa saman kududdufi da rana tsaka: kumfar da ta yi ce ta maƙale a jikinta ta ɗago ta.

To a teku, su wa ke wannan aiki? Mutum zai zaci wasu manyan ciyayi ne. Akwai su a gaɓa, amma ba su ne masu yawan aikin ba. Masu aikin wasu halittu ne masu ƙwaya ɗaya tal, da ido ba ya gani, suna yawo a saman ruwa duk inda igiya ta kai su. Masana na kiransu filankton. Zurfin teku a matsakaici ya kai wajen mita 3,700, amma hasken da zai isa a yi fotosintesis ba ya wuce mita 200 na sama, sau da yawa ma bai kai nan ba. A wannan ɗan siririn saman ne ake yin rabin aikin duniya, kuma abin da ya ba shi dama shi ne faɗi, tunda teku ya rufe kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa.

Biyu daga cikinsu sun cancanci a ambace su. Akwai dayatom, masu ɓawo na sinadarin gilashi, waɗanda ake ƙiyasta su kaɗai suna yin kusan kashi ɗaya cikin biyar na fotosintesis ɗin duniya. Akwai kuma wata ƙwayar bakteriya mai suna Furokulorokokus, wadda girmanta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. A cokalin shayi ɗaya na ruwan teku mai ɗumi ana iya samun kusan rabin miliyan nata, kuma ita ce mafi yawan halitta mai fotosintesis a duniya. Duk da haka ba wanda ya san da ita sai a 1986, lokacin da Sallie Chisholm da abokan aikinta a Amurka suka gano ta. Wannan labari yana sa ni yin tsit duk sanda na tuna shi. An riga an je wata tun 1969, alhali ba a san da wannan halitta da ta cika tekunan duniya ba.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai tambaya: yaya abin da ba a gani zai yi kunnen doki da dukkan dazuzzuka? In aka auna nauyinsu, filankton ba su kai kashi 1 cikin 100 na tsirran duniya ba. Sirrin yana cikin sauri. Kuka tana shekaru ɗaruruwa, amma yawancin jikinta gindi ne da rassa da saiwa, waɗanda ba sa samar da oksijin, sai ma sha da suke yi. Ganyen ne kawai ke aiki, shi ma a damina. Ƙwayar filankton kuwa dukkan jikinta ma'aikata ce, tana rabuwa biyu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma cikin kusan mako guda an cinye na da, wasu sun maye gurbi. Tun 1978 aka fara harba taurarin ɗan'adam masu auna korancin ruwan teku daga sama, kuma da irin wannan awo ne Christopher Field da abokan aikinsa suka fitar da lissafinsu a 1998: kashi 46 teku, kashi 54 tudu.

Ba ko'ina ne teku ke da albarka ba. Filankton na buƙatar abin da gona ke buƙata, wato naitirojin da fosfarus, da ɗan ƙarfe. Inda iska ke ture ruwan sama na teku, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da abincin da ya kwanta, nan ne suke yin yawa, kamar gaɓar Muritaniya da Senegal, da Namibiya, da Peru. Nan ne kuma kifi ke taruwa, don a kansu yake rayuwa. Tsakiyar teku kuwa, inda ruwa ya fi shuɗi da kyan gani, nan ne ya fi talauci.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, kuma ina so ki tsaya a kansa da yara. Ƙurar hunturun da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu, yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewa maso gabashin tafkin Chadi. Wurin nan ƙasan tsohon tafkin ne, lokacin da yake da girma ninkin-ba-ninkin na yanzu, shekaru kamar 7,000 da suka wuce. Farar ƙasar da ke can ɓawon dayatom ne da suka rayu a tafkin suka mutu suka kwanta. Ke nan a cikin hazon da ke sa mu tari har da ragowar halittun da suka taɓa samar da oksijin. Ƙurar Sahara ba a kanmu take tsayawa ba, tana wucewa ta faɗa Tekun Atlantika, ta kai wa filankton ƙarfen da suke nema. Wani awo da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fitar a 2015 ya nuna kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma duk shekara, kusan tan miliyan 28 daga ciki har dajin Amazon na Kudancin Amurka suke kaiwa.

Yanzu ga inda yawancin bayanan waya ke tuntuɓe. Suna ƙirga abin da aka samar, su manta da abin da aka sha. Sukarin da tsiro ya yi, ƙarshensa a ci shi ne: ko tsiron da kansa ya ƙona wani sashe don ya rayu, dare da rana, ko dabba ta ci, ko gara, ko wuta, ko ƙwayoyin ruɓa bayan ya mutu. Kuma duk wanda ya ci, sai ya sha oksijin daidai gwargwadon wanda aka saki lokacin da aka yi sukarin. Ba ƙari, ba ragi, domin aikin ne ake warwarewa. Karan geron da ya ba da oksijin a damina, shi ne zai karɓe shi idan shanu suka ci shi ko aka hura wuta da shi da rani. Haka teku: kusan duk abin da filankton suka samar, halittun cikin teku ne ke shanye shi.

A 2019, da wuta ta kama dajin Amazon, an yi ta yaɗa cewa huhun duniya ne ke ci, wai shi ke ba da kashi 20 na oksijin. Har shugaban Faransa Emmanuel Macron ya faɗi haka. Masana dazuzzuka sun fito sun gyara. Tsohon daji da ya gama girma, abin da yake samarwa da abin da itatuwansa da dabbobinsa da ƙwayoyin ƙasarsa ke sha kusan ɗaya ne. Asarar Amazon babbar musiba ce ta fuskar ruwan sama da ɗumamar yanayi da halittun da ba su da wani gida, amma ba ta fuskar numfashi ba.

In haka ne, daga ina kashi 21 ɗin ya taru? Ki kwatanta wa yara da rumbu. Magidanci ya gaji rumbu cike maƙil daga kakanni. Duk shekara yana noma dami dubu ya zuba, iyalinsa kuma su ci dami dubu, in ban da dami ɗaya da ke tsira. Cikar rumbun ba daga noman bana ta zo ba, daga wannan dami ɗaya-ɗayan ne da ya yi ta tsira tun zamanin kakanni. A lissafi, oksijin da ke sararin sama ya kai wajen tan tiriliyan 1,200. Abin da tsirran tudu da na teku ke zubawa a shekara, bayan an cire wanda su da kansu suka sha, kimanin tan biliyan 300 ne. Wato ajiyar ta ninka girbin shekara sau kusan 4,000.

Yadda damin ke tsira shi ne ta hanyar binnewa. Idan filankton suka mutu, wani ɗan kaɗan daga cikinsu, abin da bai wuce ɗaya ko biyu cikin dubu ba, yana nitsewa ya kai ƙasa, laka ta rufe shi kafin ya ruɓe. Tunda bai ruɓe ba, oksijin da aka saki lokacin yin sa ba wanda ya zo ya karɓe shi, sai ya zauna a sama. Duk manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru ya san irin wurin da hakan ke faruwa: baƙin taɓon nan na ƙarƙashin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in an tona sai a tarar da kara da saiwa ba su gama narkewa ba. Babu oksijin a cikinsa, shi ya sa. Ita shinkafa tana iya zama a wurin ne domin akwai ƙananan hanyoyin iska a cikin karanta da ke kai wa saiwa numfashi. A ƙasan teku, musamman bakin manyan koguna inda laka ke sauka da yawa, irin wannan binnewa ta yi ta gudana shekaru aru-aru. Abin da aka binne ya zama baƙin dutse, wani sashe ya zama ɗanyen mai da iskar gas irin na Neja Delta, tsirran tudu da aka binne a fadamu kuma suka zama kwal irin na Inugu. Duk litar fetur da aka zuba a babur, abokin rabonta oksijin ne da ya daɗe a sama yana jira, kuma in an ƙona ta an sake haɗa su ke nan.

Ta wannan fuska, girman teku ya wuce maganar rabi. Shekarun duniya sun kai biliyan 4.5, kuma kusan rabin wannan lokaci babu oksijin a iskarta. Halittun farko da suka iya fasa ruwa su ne sayanobakteriya, dangin Furokulorokokus, kuma a ruwa suke. Oksijin da suka fara saki bai samu ya taru ba, don ƙarfen da ke narke cikin tekun wancan zamani da iskokin da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa suna ta kama shi. Ƙarfen ya yi tsatsa ya kwanta a ƙasa layi-layi, kuma irin waɗannan duwatsu ne ake haƙa yau a yammacin Ostireliya da Burazil ana narka ƙarfe. Irin dutsen nan mai layukan ƙarfe, wanda a ƙasan ruwa ya kwanta, akwai shi a yankin Maru na Zamfara. Sai wajen shekaru biliyan 2.4 da suka wuce oksijin ya fara rinjaye ya taru a sama. Tsirrai kuwa ba su hau tudu ba sai kimanin shekaru miliyan 470 da suka wuce, bayan oksijin ya samar da rufin ozon da ke tare mugun hasken rana. Cikin hikimar Ubangiji, ruwa ne ya share wa itace fage.

Kuma kada yaran su ɗauka teku wani abu ne na mutanen Legas da Fatakwal kaɗai. Shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso Sahara daga arewa ya sauko har ƙasar Sakkwato. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙasan wannan teku ya kwanta, daga ɓawon halittunsa. A wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai rarrafe, har aka raɗa mata suna da sunan garin.

Maganar ko tana iso mu, amsarta gajera ce. Daga Birnin Kebbi zuwa gaɓar teku ya wuce kilomita 600, amma iska ba ta san wannan ba. Cikin 'yan makonni take zagaya duniya, cikin kusan shekara guda ta arewacin duniya da ta kudanci sun gauraya. Ki auna a Zuru, ki auna a tsakiyar Sahara inda babu ko ciyawa, ki auna a tsakiyar teku, kashi 21 ɗin nan za ki samu. Iskar damina ma da ke kawo mana hadari daga kudu maso yamma, daga kan Tekun Atlantika take tasowa.

Zai ƙare? A'a, ba ta wannan hanya ba. Tun 1989 Ralph Keeling a Kalifoniya yake auna oksijin na sama da na'ura mai tsananin kaifi, kuma gaskiya ne yana raguwa saboda ƙona mai da kwal da gas. Amma raguwar kimanin ƙwaya 20 ce cikin kowace miliyan a shekara. Ko da za a ƙone duk itace da ciyawa da dabbar da ke doron ƙasa, abin da zai tafi bai kai kashi 1 cikin 100 na ajiyar ba. Matsalar ƙona mai tana ɗaya gefen ne: kabon dayoksaid, da yake shi kaɗan ne a iska, ƙarin da ake yi masa yana da girma a kansa, shi ke ɗumama duniya.

Ina roƙonki kada ki ji tsoron faɗa wa yara haka don gudun su raina itace. Ba na goyon bayan a kare gaskiya da ƙarya, domin ranar da yaro ya gano ba a shaƙe ba duk da saran da aka yi, zai watsar da sauran maganar gaba ɗaya. Dalilan barin itace a tsaye suna nan a gaban idonsu. Gawo yana zubar da ganye da damina ya taki gona, ya ba dabbobi abinci da rani. Saiwa tana riƙe ƙasa kada zaizaya ta kwashe ta, inuwa tana rage zafin gari, jerin dogon yaro yana karya iskar da ke binne shuka da yashi a ƙananan hukumomin Arewa da Dandi da Zurmi. Kebbi da Zamfara duk suna cikin jihohi 11 da aka ware a sahun gaba na kwararowar hamada. Wannan ya isa hujja. Haka ma zancen cewa kwana ƙarƙashin itace da dare yana shaƙe mutum: abin da itacen ke sha kaɗan ne, kuma a fili iska na gudana.

Inda oksijin ke ƙarewa da gaske, kuma inda na fi damuwa, shi ne cikin ruwa. Lita ɗaya ta iska tana ɗauke da oksijin wajen miligiram 270. Lita ɗaya ta ruwa mai sanyin digiri 20 ba ta riƙe fiye da miligiram 9, in ya kai digiri 30 sai ya sauka zuwa 7.5. Ruwa ba shi da tsohuwar ajiya, abin da ya samu yau shi zai ci yau. Masu kiwon kifi a Yauri da Birnin Kebbi sun san alamar ko ba su san dalilin ba: da asuba kifi ya taso sama yana buɗe baki, wani lokaci a wayi gari sun mutu rututu. Abin da ya faru shi ne ruwan ya yi kore shar saboda ragowar abinci da kashin kifi. Da rana filankton sun cika shi da oksijin, da dare kuwa su da kifin da ƙwayoyin ruɓa duk sha suke yi ba mai zubawa, kafin fitowar rana ya ƙare. Ya fi tsanani a bazara, da kuma bayan kwanakin hadari ko hazo da rana ba ta fito sosai ba. In an ga haka a dakatar da abinci, a rage tsohon ruwa a sako sabo yana faɗowa daga sama yana fantsama, a kuma rage cunkoso. Ruwa mai ɗan kore alheri ne, amma wanda in ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ganin tafinka, ya wuce kima.

Kifayen ma ba ɗaya suke ba. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wasu, kuma shi ya sa masu kiwo suka fi son ta. Gaiwa huhu gare ta, tana iya kwanciya cikin busasshiyar laka har damina ta dawo. Amma ƙarfasa tana wahala, giwan ruwa kuwa, wanda ake alfahari da shi a Matan Fada ranar bikin kamun kifi, yana cikin waɗanda ba sa jure ƙarancin oksijin ko kaɗan.

Abin da ke faruwa a kududdufin kiwo shi ke faruwa a teku, girma ne kawai ya bambanta. Takin zamani da kogin Misisipi ke kwasowa daga gonakin Amurka yana sa filankton su yi ambaliya a mashigin tekun Meziko, su mutu, su nitse, ruɓarsu ta shanye oksijin na ƙasa. A 2017 yankin da ya mutu a can ya kai murabba'in kilomita 22,720, fiye da rabin girman jihar Kebbi. Wata ƙidaya da aka yi a 2008 ta sami irin waɗannan wurare sama da 400 a gaɓar tekunan duniya. Ga kuma ɗumama: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kuma ba ya gaurayuwa da na ƙasa. Binciken da masana a Jamus suka fitar a 2017 ya nuna teku ya rasa sama da kashi 2 cikin 100 na oksijin da ke narke a cikinsa tun daga 1960. Mu da noman shinkafar rani ya bunƙasa a wurinmu, wannan ya shafe mu. Yuriyar da aka watsa fiye da ƙima, ko aka watsa ana dab da sakin ruwa, ba ta tsaya a gona ba. Tana bin Gulbin Rima da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka ta shiga Neja, ta wuce Yauri ta faɗa tafkin Kainji. Manomi ya yi asarar kuɗin takinsa, masunci ya gaji sauran.

Wuri na biyu shi ne rufaffen wuri, kuma wannan yana cin rayuka a garuruwanmu. Rijiya mai zurfi, ramin haƙar zinari irin na Anka da Maru, tsohuwar masai, tankin ajiya, duk iskar cikinsu ba ta gaurayuwa da ta waje. Ruɓa da tsatsa suna shanye oksijin, kabon dayoksaid mai nauyi ya kwanta a ƙasa. In oksijin ya sauka ƙasa da kashi 19.5 an shiga haɗari, in ya yi ƙasa sosai mutum faɗuwa yake yi ba tare da ya ji alama ba, kuma wanda ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi. Dabarar tsofaffin mahaƙa rijiya ta zura fitila kafin a sauka tana da tushe, don wuta na mutuwa tun wajen kashi 16. Sai dai fitila ba ta nuna gubar kabon monoksaid, wadda ke fitowa daga janareta da injin jan ruwa da garwashin gawayi. Ita ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin ko da iskar wurin cike take da shi. Saboda haka injin ya tsaya a waje nesa da bakin rami, tiyo kaɗai ke sauka. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, a bar mutane a sama masu iya jawo shi. Kuma lokacin sanyi kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki ƙofa da taga a rufe.